Daga Ciwon Kafaɗa Zuwa Cutar Parkinson: Yadda Aka Gano Abin da Ke Damuna

Kafaɗa ce ta fara kai ni asibiti, ta dama, wadda nake ɗagawa in yi rubutu a allo. Ta riƙe, ta yi tauri, ɗaga hannu sama ya zama aiki. Likitan da ya duba ni ya ce ciwon gaɓa ne irin na masu shekaruna, ya rubuta maganin rage zafi, ya tura ni sashen gashin ƙashi. Har yau ban ga laifinsa ba, domin abin da na kai masa ke nan, kuma a lokacin babu inda ke rawa a jikina. Zafin ya lafa, taurin ya ƙi tafiya. Shekarata 57 a lokacin.

Sauran abubuwan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa, kowanne da uzurin da na ba shi. In na fara layi a allo, haruffan farko su fito manya, kafin in kai ƙarshe sun ƙanƙance sun cushe. Ɗaliban baya su ce, "Malam, ba ma gani." Wata rana kuma su ce, "Malam, a ɗaga murya," alhali a kunnena magana nake yi yadda na saba. Abokan aiki suka shiga tambayata ko wani ya ɓata mini rai, saboda fuskata ta ɗaure ba tare da na ɗaure ta ba. Saka maɓallin riga ya fara cin lokaci. Juyawa a kan gado da dare sai na shirya mata. Matata ce ta lura da wanda ya fi ba ni mamaki. Muna tafiya ta ce, "Malam, me ya sa hannunka na dama ba ya lilo? Na hagu yana kaiwa da komowa, wannan kuwa a rataye kawai yake." Ni ban taɓa sanin cewa lilon hannu wani abu ne da mutum zai iya rasawa ba.

Rawar ita ce ta zo ƙarshe. A babban yatsa da manuniya ta fara, suna gugar juna kamar mai jan carbi. Ina zaune hannuna a kan cinya take tasowa, da na miƙa hannu zan ɗauki alƙalami sai ta ɗauke. In raina ya ɓaci ko ina cikin damuwa, ta ƙaru. In na yi barci, in ji matata, ta ɓace gaba ɗaya.

Da wannan na koma asibiti. Aka auna hawan jini, aka ɗebi jini don a duba sukari da aikin wannan ƙullutun na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin in ya yi aiki fiye da kima yana kawo karkarwa. Duk suka fito lafiya. Likitan ya sa na kawo masa duk wani magani da nake sha, har wanda na saya da kaina. Ya bayyana mini cewa akwai magungunan da ke toshe hanyar wani sinadarin ƙwaƙwalwa su haifar da alamu iri ɗaya da abin da yake zargi, kamar wasu magungunan taɓin hankali irin su halofaridol, da wasu na tashin zuciya irin su metokulofuramaid. In su ne sanadi, sau da yawa daina shan su yana warware matsalar. Babu ko ɗaya a cikin nawa. Sai ya rubuta takarda ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Likitocin wannan fanni ba su da yawa, jiran ya yi tsawo.

Na shiga ofishin likitar ina zaton za a kwantar da ni cikin wata na'ura ta faɗi abin da ke akwai. Ashe binciken ya fara tun daga bakin ƙofa. Daga baya ta faɗa mini cewa ta kalli yadda na tashi daga kujerar jira, da tsawon takuna, da yawan ƙifta idona, kafin ma mu gaisa.

"Baba, buɗe babban yatsa da manuniya sosai, ka riƙa haɗa su da sauri. Kada ka tsaya sai na ce."

Na hagu ya yi ba matsala. Na dama ya fara da kyau, sai buɗewar ta riƙa raguwa, saurin ya ja baya, har yatsun suka koma suna ɗan motsi a wuri ɗaya. Ina kallo, ina ba su umarni, ba su ƙi ba, amma abin da suke yi bai kai abin da na nema ba. Ta sa na dunƙule hannu in buɗe, na juya tafin hannu sama da ƙasa, na buga diddige a ƙasa. Ko'ina labarin ɗaya ne: ɓangaren dama yana farawa daidai, ya ƙanƙance a hanya. Nan take na gane rubutuna na allo. Ta ce wannan nawar motsi da ƙanƙancewarsa ita ce ginshiƙin cutar, in babu ita ba a ambaton sunan, komai yawan rawar da mutum yake yi.

Ta kama wuyan hannuna ta ce in sake jiki, ta riƙa lanƙwasa shi tana juyawa. Ni da kaina na ji yana tafiya yana cijewa, yana tafiya yana cijewa. Ta ce in ɗora hannu a cinya, in rufe ido in ƙirga daga ɗari zuwa baya. Da hankalina ya tafi kan lissafi, rawar ta fito sosai. Ta ce in miƙe hannuwa gaba, in taɓa hancina, in zana layi mai nannaɗewa a takarda. Ta yi haka ne don ta raba tawa da wata karkarwar da ta fi yawa a cikin mutane, wadda takan bi dangi, takan kama hannu biyu, kuma lokacin aiki take tasowa, wajen ɗaukar kofi ko rubutu. Tawa ta hutu ce, gefe ɗaya, tana kaɗawa wajen sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, yadda aka san ta wannan cuta. Sannan ta tsaya bayana ta fizge ni ta kafaɗu don ta ga ko zan iya tare faɗuwa, ta kuma sa na bi yatsanta da ido sama da ƙasa. Yawan faɗuwa tun da wuri, ko kasa kallon ƙasa, ko suma in an miƙe tsaye tun a farkon ciwo, suna nuni ga wasu cututtukan masu kama da wannan amma sun fi ta saurin ci. Ba ni da ko ɗaya daga cikinsu.

Sai ta zauna ta shiga tambayoyin da a ganina ba su da haɗi da abin da ya kawo ni.

"Baba, kana jin ƙamshi?"

Na yi shiru. Shekaru da dama ke nan turare ba ya yi mini komai, abu ya ƙone a gida ni ne na ƙarshen sani. Na ɗauka mura ce ta taɓa lalata mini hanci.

"Bayan gida fa?"

Shi ma ya daɗe da yin tauri, sai in yi kwanaki ban zaga ba.

Ta juya wurin matata. "Mama, yaya barcinsa? Yana magana ko faɗa cikin barci?"

Matata ta dube ni kafin ta amsa. Ta ce ina ihu, ina kai naushi da shuri, akwai daren da na faɗo daga gado, kuma ta daɗe tana kwana a ɗarare. Wasu ta taɓa faɗa mini da safe, wasu ta bar su a cikinta don kada ta tayar mini da hankali. Likitar ta ce a lokacin mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe ƙarfin tsokoki don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Idan wurin da ke wannan aiki ya taɓu, sai mafarkin ya fito fili. Mafi yawan waɗanda aka tabbatar suna da wannan matsalar barci, in shekaru suka tafi, sukan kamu da cutar Parkinson ko 'yar'uwarta.

Ta tambayi yanayin raina. Na gaya mata gaskiya: akwai lokacin da komai ya fita daga kaina, abin da nake so na daina marmarinsa, ba tare da wani dalili da zan nuna ba. Ta ce shi ma yakan riga rawa zuwa, kuma daga cikin cutar yake fitowa, ba wai baƙin cikin kamuwa da ita kawai ba ne.

Wannan zaman shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na bi. Abubuwan da na warwatsa cikin shekaru, hanci daban, ciki daban, barci daban, kafaɗa daban, ta tattara su a shafi ɗaya cikin ƙasa da awa guda. Wani masani ɗan Jamus, Heiko Braak, ya gabatar da ra'ayi a 2003 cewa a wurin mutane da yawa ɓarnar tana somawa ne daga jijiyoyin sansana da na hanji da gindin ƙwaƙwalwa, sannan ta hau a hankali zuwa inda ake sarrafa motsi. Ba kowane majinyaci ne ke bin wannan tsari ba, amma nawa ya bi. Dole in ƙara da cewa taurin bayan gida ko rashin jin ƙamshi su kaɗai ba hujja ba ne. Miliyoyin mutane suna da su kuma ba za su taɓa kamuwa da wannan cuta ba. Haɗuwarsu da nawar motsi ce ta ba su ma'ana.

Ta ce, "Baba, abin da na gani cutar Parkinson ce." Ba ta yi kwana-kwana ba, kuma na gode mata da haka. Ta tura ni hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI, amma ta riga ta faɗa mini cewa tana sa ran ya fito lafiya, domin cutar ba ta fitowa a irin wannan hoto. Ana yin sa ne don a tabbatar ba ƙari ba ne, ba taruwar ruwa ba, ba kuma ƙananan toshewar hanyoyin jini ba. Haka ya fito, lafiya lau. Akwai wani hoton na musamman da ke nuna ƙarancin sinadarin a ƙwaƙwalwa, ana neman sa in an shiga kokwanto. A nawa ba ta ga buƙata ba.

Ta zana mini abin a takarda. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi, likitoci suna ce masa sabstanshiya nigira. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin su ke samar da sinadarin dofamin, su aika shi sashen da ke tsara fara motsi da girmansa, da duk motsin da jiki ke yi ba tare da an yi tunani ba: ƙifta ido, haɗiyar yawu, lilon hannu, sauyin fuska yayin hira. A wannan cuta ƙwayoyin suna mutuwa sannu a hankali. Ƙwaƙwalwa tana ta cike giɓin shekara da shekaru, shi ya sa kafin alamar farko ta bayyana a hannu an riga an yi asarar kaso mai yawa, wasu masana suna cewa wajen rabi. A cikin ƙwayoyin da suka rage ana samun dunƙulen wani furotin mai suna alfa-sinukilin wanda ya naɗe ba daidai ba. Friedrich Lewy ne ya fara bayyana waɗannan dunƙule a 1912, har yau sunansa suke ɗauke da shi.

Likitan da cutar ta ci sunansa, James Parkinson, a Landan ya zauna. A 1817 ya rubuta bayanin mutum shida, wasunsu ma a titi kawai ya gan su. Shekaru da dama bayan haka likita Jean-Martin Charcot na Faransa ya sa mata sunan Parkinson, ya kuma ja hankali cewa ba kowane mai ita ne ke rawa ba. Wannan magana tasa har yanzu ba ta isa kunnen jama'a ba, kuma abin yana damuna. Mutane da dama suna da cutar ba tare da karkarwa ko kaɗan ba. Tafiyarsu ta ragu, sun ranƙwafa, suna jan ƙafa, muryarsu ta shige, fuskarsu ta daskare, sai a ce tsufa ne, ko lalaci, ko miskilanci. Tsufa yana rage wa mutum sauri, gaskiya ne, amma ba ya zaɓar gefe ɗaya na jiki ya bar ɗayan.

A zama na gaba na zo da tambayar da ta hana ni barci: me ya jawo? 'Yata ta biyo ni, ita ma da tata.

Likitar ta ce a mafi yawan masu cutar babu sanadi guda da za a nuna. Abubuwa ne ke haɗuwa. Mafi girma shi ne shekaru: galibi bayan 60 take bayyana, ko da yake wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari suna kamuwa kafin 50. Ɗan wasan fim Michael J. Fox yana da shekara 29 aka gano tasa a 1991. Maza sun fi mata kamuwa, kusan ninki ɗaya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita, kuma yawan ya ninka cikin shekara 25.

Ta tambaye ni ko na taɓa aiki da maganin feshi. Na ce na yi noma da ƙuruciya da kuma bayan na fara koyarwa, na fesa maganin ciyawa da na ƙwari, ba kullum ba. Sai ta ba ni labarin da ya buɗe wa masana ido a kan wannan. A 1982, a Kalifoniya ta Amurka, aka kawo wasu matasa masu allurar ƙwaya asibiti, jikinsu ya sandare cikin 'yan kwanaki, ba motsi ba magana, alhali suna ji suna gani. Likita William Langston ya bi diddigi ya gano cewa ƙwayar da aka haɗa a ɓoye ta gurɓata da wani sinadari, MPTP, wanda yake zuwa kai tsaye ya kashe ƙwayoyin dofamin ɗin nan. Abin da cutar ke yi cikin shekaru, guba ta yi shi cikin mako. Kuma abin da MPTP ke rikiɗewa ya zama a cikin ƙwaƙwalwa, ƙirarsa ta yi kama sosai da ta farakwat, maganin kashe ciyawa. Bincike da yawa daga baya ya danganta daɗewa ana mu'amala da farakwat da maganin ƙwari rotinon, da wani ruwan wanke ƙarafa na masana'antu mai suna tirikuloro'etilin, da ƙarin haɗarin kamuwa. Tarayyar Turai ta hana farakwat a 2007. Faransa kuwa tun 2012 ta amince da Parkinson a matsayin cutar da aiki ke jawo wa manoman da suka daɗe suna feshi. Bugun kai mai tsanani, musamman wanda aka maimaita, shi ma yana cikin jerin. Mutane sukan tuna Muhammad Ali, wanda aka gano tasa a 1984, duk da cewa ko a kansa ba a yanke cewa dambe kaɗai ne ya jawo ba.

Na ce, "To Likita, feshin ne ke nan?"

Ta ce ba za ta iya cewa haka a kan mutum ɗaya ba. Akwai wanda ya yi feshi rayuwarsa duka bai kamu ba, akwai wanda bai taɓa riƙe famfon feshi ba ya kamu. Na karɓi amsar. Amma tun daga ranar, in na ga mutum yana feshi ba safar hannu ba abin rufe hanci, iska tana maido masa da shi a fuska, ba na iya wucewa ban yi magana ba.

'Yata ta ce, "Likita, mu fa? Abba ya kamu, mu ma za mu gada?"

Ta ce wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ake samun gado a fili. A 1997 aka gano sauyin ƙwayar gado na farko a wani babban dangi da ya fito daga Contursi a kudancin Italiya, kuma a ƙwayar da ke ƙera alfa-sinukilin ɗin nan yake. A 2004 aka gano sauyi a wata ƙwayar gado mai suna LRRK2, wanda ke da yawa a tsakanin Larabawa da Berber na Arewacin Afirka, inda ake samun sa a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar. Akwai kuma sauyin ƙwayar gado GBA1, wanda ba ya tilasta kamuwa, haɗari kawai yake ƙarawa. A 2023 wani babban bincike da ya haɗa 'yan Najeriya da baƙaƙen fatar Amurka ya gano wani nau'insa da ya keɓanta da masu asalin Afirka. Tunda babu wani a danginmu da aka sani da ita, kuma tawa ba da ƙuruciya ta zo ba, haɗarin 'ya'yana ya ɗan ɗara na sauran mutane kaɗan ne kawai, kuma mafi rinjaye ba za su kamu ba. Ta ƙara da cewa ba a ɗaukar ta ta hanyar zama tare ko cin abinci tare.

Matakin ƙarshe na tabbatarwa shi ne maganin kansa. Ta ɗora ni a kan lebodofa haɗe da kabidofa, ta fara da kaɗan tana ƙarawa. Dofamin in an sha shi ba ya iya ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Lebodofa yana ratsawa, a can ciki ya rikiɗe ya zama dofamin, shi kuma kabidofa ya hana shi rikiɗewa tun a hanya, wanda hakan ke rage tashin zuciya. Arvid Carlsson na Suwidin ne ya nuna muhimmancin dofamin ga motsi a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. Oleh Hornykiewicz ya gano ƙarancinsa a ƙwaƙwalwar masu cutar a 1960, George Cotzias kuma ya nuna yadda za a ba da maganin ta baki ya yi aiki a 1967. Har yau babu maganin da ya fi lebodofa.

Farko ya sa ni jiri da tashin zuciya. Bayan 'yan makonni kafaɗar da ta ƙi jin gashi ta saki. Rubutuna ya buɗe. Na tashi daga kujera ba tare da na dafa ba. Rawar ba ta tafi duka ba, ta dai ragu, kuma an faɗa mini dama ita ce ta fi taurin kai ga magani. Likitar ta ce wannan amsawa da jikina ya yi ta ƙara mata tabbaci a kan abin da ta gano.

Ba ta ɓoye mini iyakar maganin ba. Yana cike giɓin dofamin ne, ba ya hana ƙwayoyin ci gaba da mutuwa. Bai dawo mini da ƙamshi ba, bai gyara cikina ba, waɗannan kowanne da nasa matakin. Da tafiyar shekaru ƙarfinsa yakan riƙa ƙarewa kafin lokacin shan na gaba, wasu kuma ya jawo musu motsin murɗe-murɗe da ba su nufa ba. Ta gargaɗe ni kada in taɓa yanke shi farat ɗaya, domin hakan yana da haɗari. Ta ce in riƙa sha kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin abinci, saboda furotin irin na nama da ƙwai yana gasa da shi wajen shiga jini. Ta ja kunnen matata cewa in wata rana aka ƙara mini wani rukunin maganin da ke kwaikwayon dofamin, ta sa ido, domin yana sa wasu su faɗa caca ko kashe kuɗi ba kai ba gindi ko wata sha'awa da ba halinsu ba, kuma majinyacin ba ya cika faɗa da bakinsa.

Motsa jiki kuwa ta rubuta shi a takarda ɗaya da maganin, ba a matsayin shawara ta gefe ba. Tafiya mai sauri har numfashi ya ɗaga, atisayen miƙewa da na daidaita tsayuwa, manyan taku da gangan. Ma'aikacin gashin ƙashi ya koya mini abin da zan yi in ƙafa ta kafe a bakin ƙofa ko wajen juyawa, abin da ya fara taɓa ni jefi-jefi: in tsaya, in mayar da nauyi kan ƙafa ɗaya, in ƙirga ɗaya biyu, in tsallake wani layi da na sa wa ido a ƙasa. Motsin da jiki ya daina yi da kansa, ana iya yin sa ta hanyar mai da hankali, domin wannan wata hanya ce daban a ƙwaƙwalwa.

Yanzu ina riƙe da ɗan littafi inda nake rubuta lokacin da na sha magani da lokacin da na ji ya fara sakina, shi likitar ke dubawa ta daidaita awannin. Hannun hagu ya soma nuna tasa nawar, ta ce haka aka saba gani, kuma gefen da aka fara da shi yakan ci gaba da fin ɗayan tsanani. Ina koyarwa har yanzu. Muryar ce ta fi ba ni wahala a aji, don haka an tura ni wurin mai horar da magana, inda ake sa ni in yi magana da ƙarfin da a kunnena ihu ne, a kunnen ɗalibai kuwa daidai.